Ƙyauren Zauren Abdulbaƙi

Masu dawowa daga sallar asuba su suka fara gani. Zauren gidan Abdulbaƙi ya wayi gari ba ƙyaure. Ba a fasa shi ba, ba a ɓalle shi ba, ɗaga shi aka yi daga ramin dutsen da yake juyawa a kai, aka yi gaba da shi. Kafin masu ƙosai su sauke kaskon farko, labari ya zaga unguwar Briqueterie ta Yaoundé, ya leƙa unguwar Madagascar, ya dawo da ƙari.

Ƙyauren maɗaci ne, baƙi ƙirin saboda tsufa, da manyan ƙusoshin maƙera a jere. Malam Abdulbaƙi, falken goron da ya kafa gidan, shi ya sa aka sassaƙa shi tun unguwar tana rabin daji. Shekara da shekaru ana jingina da shi ana cin gyaɗa, ba wanda ya kula. Sai da Rahinatu, tattaɓa-kunnen mai gidan, ta dawo daga Amurka ta ce abin tarihi ne, sannan kowa ya tuna ashe tun da can yana son sa. Ta yi shiri da kafinta zai cire shi ranar Juma'a, ya goge, ya shafa masa mai, ya kafe shi a bangon zaure a bayan gilashi, domin ranar Asabar tana da baƙi masu yawon buɗe ido.

Mutanen Brik, kamar yadda suke taƙaita sunan unguwarsu, ba sa iya kwana da laifi ba mai shi. Nan da nan idanu suka koma kan Alim mai tsire, wanda tukubarsa ke jikin zauren sama da shekara ashirin. Wani ya ce bai gan shi a sahu ba da asuba. Wata ta ce dama mai tsire ba ya ƙin itace. Shamsuddin, yayan Rahinatu kuma mai gidan yanzu, ya tsaya a bakin titi ya tambaye shi inda ya je. Alim ya sunkuyar da kai.

"To shi ke nan," in ji Shamsuddin. "Baƙo baƙo ne, ko ya yi furfura a gidanka. In an yi la'asar ƙyaure bai fito ba, kwamisariya za ka yi bayani gaban 'yan sanda. Tukubarka kuwa ka neme mata wani bangon."

Samari suka ja tukubar gefe, suka kife ta.

*

Baba Garga ya iso yana dogara lemarsa, ransa a ɓace tun daga nesa da ya hango taron. Mutum ɗari sun tattake ƙofar gida, kowa yana neman sawun ɓarawo da nasa takalmin. Garga ya yi ƙuruciyarsa da tsakiyar rayuwarsa a kasuwar shanu ta Etoudi yana bin sawun dabbobin sata. A zamaninsa yakan bi saniya daga kara har bakin rafi ya faɗa maka ta yi ɗingishi ko ba ta yi ba. Yanzu siminti da kwalta sun cinye masa sana'a, ƙasar ma da ta rage a Yaoundé ba a barin ta ta yi magana. Amma Alim mutuminsa ne, yarensu ɗaya, kuma duk yammar duniya a bencinsa yake zama. Ba zai iya zama a gida yana jin labari ba.

Sa'ar da aka yi, an yi ruwa kafin asuba, kuma 'yan kallo ba su shiga lungun da ke gefen gidan ba, saboda ba abin kallo a ciki sai kwata. Garga ya shiga, ya durƙusa da ƙyar. Jar ƙasa ta riƙe sawun mutum guda, mai nauyi, ƙafa tana nutsewa kamar na wanda ya goyo kaya. Sawun ya bi lungun har inda aka zuba siminti a bakin magudanar ruwa, nan ya ɓace. Daga nan mutum yana iya fita babban titi, yana iya zagayawa bayan gidaje. Garga ya daɗe yana duban diddigen hagu, wanda yake jan ƙasa kaɗan kafin ya ɗaga. Ya san mai wannan diddige, kuma bai so ya san shi ba.

"Baba, ka ga wani abu?"

Rahinatu ce, ta biyo shi riƙe da gefen mayafinta kada ya taɓa laka.

"Na ga ƙasa, 'yata. Ke dai gaya mini, a can Amurkar taku, ƙofa ake zuwa kallo?"

Ta yi murmushi duk da damuwar da ke fuskarta. Ta ce garin da take aiki sunansa Charleston, tsohon gari ne a bakin teku, aikinta zagayawa da baƙi. Akwai keken doki da ake hawa a bi tsofaffin tituna, akwai gidajen da suka fi shekara ɗari biyu, da ƙofofin ƙarfe na maƙeran da, da kasuwar da mata baƙaƙe ke saƙa faifai da kwanduna da ciyawa, irin saƙar da kakanninsu suka taho da ita daga wannan ɓangaren na duniya.

"Faifai kuma? Har da shi ake biya a gani?"

"Har kuka ake yi a kansa, Baba. Akwai waɗanda ba su da komai na kakanninsu sai wannan saƙar. Kullum ina tsaye ina ba da labarin gidan wasu, sai na ce ni ma fa ina da gida. Zan kai baƙin nan masallaci, in kai su layin teloli, su ci soya, tsiren nan namu, sannan in kawo su zaurenmu in ce ga abin da kakan babana ya bari." Muryarta ta yi ƙasa. "Ko jana'izar babana ban samu ba. Na ce ko wannan in yi masa."

"Hajiya Hansai ta ji abin da ya faru?"

"A'a. Yaya ya ce kada kowa ya gaya wa Kaka, jininta zai hau. Dama kunnen nata sai an ɗaga murya."

"Wa ya taɓa taya ƙyauren?"

"Nata'ala," in ji ta ba tare da tunani ba. "Tun ina yarinya yake naci."

*

Garga ya hau moto, babur ɗin haya, zuwa unguwar Tsinga yana addu'ar Allah ya sa Nata'ala ne. Zato zunubi ne, ya sani, amma ya fi son ya ɗora shi a kan dillalin kayan da, mai sayar wa Turawa gumaka da tsofaffin takubba, da ya ɗora shi a kan Alim. Ai ko Alim ya ɗauka, wani ne ya sa shi.

Ya tarar da Nata'ala a bayan shagonsa, hayaƙi na tashi, an jingine wani abu mai faɗi an lulluɓe da buhu. Da ganin Garga sai ya sha gaban buhun.

"Baba Garga, yau a garinmu? Bismillah, mu koma gaba, nan hayaƙi."

"Hayaƙin nake so, yana mini maganin sanyi. Me aka rufe?"

"Kayan mutane ne."

Garga ya sa bakin lemarsa ya ɗage buhun. Ƙyaure ne kuwa, baƙi, da ƙusoshi a jere. Murna ta kama shi. Sai ya kankare gefe da farce, farin katako ya leƙo, ɗanye shar, har yana ƙamshin zarto.

"Shekararsa nawa wannan?"

Nata'ala ya sosa ƙeya. "In ya kwana biyu a hayaƙi zai kai ɗari da hamsin. Baba, ka rufa mini asiri. Na gaji da roƙon na gidan Abdulbaƙi, sai na sa aka yi mini ƙaninsa. Wallahi da na ainihin yana hannuna, da ban tsaya shan hayaƙi ba."

Garga ya dubi ƙafafunsa. Ƙanana ne, cikin takalmi mai tsini, ba su yi kama da na lungu ba ko kusa. Ya ce masa ya zo zauren bayan la'asar, ya juya ya fita ba ko dariya, ko da yake abin ya isa dariya.

*

Alim yana zaune a kan bencinsa kusa da kifaffiyar tukuba, ya ɗaure tsinkayen tsirensa da wuƙaƙe a cikin buhu. Suka gaisa da Fulatanci, a gajarce. Garga ya zauna inda ya saba zama.

"Ina za ka da kaya?"

"Etoudi. Akwai ɗan'uwana a mayanka. In sun sake ni."

"Alim, na ga diddigenka a lungu."

Alim bai musa ba. Ya ci gaba da murza igiyar buhun.

"Ka sayar?"

"Allah ya kiyaye."

"Ka ƙona?"

Sai a nan ya ɗago, idanunsa jajur. "Baba, ni? Wannan katakon?"

"To yana ina? Wa ya sa ka?"

"Bakina ba nawa ba ne a wannan maganar."

Garga ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tuna masa matarsa da 'ya'yansa da ke makaranta a Cité Verte, ya tuna masa cewa wanda ya shiga kwamisariya da sunan ɓarawo, ko ya fito sunan ba ya fita. Alim ya ce ya sani. Garga ya tashi zuciyarsa a dagule. Ya tuna lokacin da Alim ya sauka daga jirgin ƙasan Ngaoundéré da leda ɗaya, Hausarsa ma ba ta zauna ba, mahaifin su Rahinatu ya nuna masa jikin bangon nan ya ce ya kafa tukubarsa. A wancan zamanin unguwar ba ta tambayar mutum daga ina ya zo sai bayan ya ci ya ƙoshi.

*

Ya koma lungun bayan azahar, don ba shi da wani wurin komawa. Rana ta fara busar da ƙasa, gefen kowane sawu ya fito tsaf. Da safe ya tambayi sawun ko na wane ne, ya samu amsa, baƙin ciki ya hana shi yin tambaya ta biyu. Yanzu ya tsaya ya dubi yadda tafiyar take.

Takun gajere ne ƙwarai. Alim dogo ne, kuma mai ɗauke da kayan sata da asuba, yana tsoron a sallame sallah, ba ya tafiya kamar mai rakiyar amarya. Ko nauyi bai isa ya gajarta taku haka ba. A tsakiyar lungun ma ƙafafun sun tsaya a jere, sun nutse sosai, alamar an daɗe a tsaye da kaya a baya. Me zai tsayar da ɓarawo a nan?

Garga ya tuna wani abu da ya sha gani a hanyar Etoudi. In ɓarawo ne ya kora shanu, sawunsa yana bayansu, yana da faɗi, yana gaggawa. In mai su ne kuma akwai tsohuwar saniya a garken, takunsa yakan ragu ya daidaita da nata, in ta tsaya ya tsaya.

Ya sake durƙusawa. A gefen sawun akwai ƙananan ramuka zagayayyu, waɗanda da safe ya ɗauka ɗigon ruwan kwano ne. Amma ɗigon kwano layi ɗaya yake bi a gindin bango. Waɗannan kuwa suna tafiya tare da sawun, suna kauce wa kwata, kuma inda Alim ya tsaya, rami ɗaya ya yi zurfi, kamar an dogara a kansa ana mayar da numfashi. Kusa da ramukan, da ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya ga shatin silifa mara nauyi, wanda ba ya ko nutsewa.

Ya miƙe yana riƙe da bango, ya bi simintin ya zagaya, ya yi sallama a ƙofar baya.

Hajiya Hansai tana zaune a bakin gadonta na ƙarfe tana jan carbi. Ta haura tamanin da yawa, ta ƙanƙance kamar yarinya. Sandarta tana jingine a kusa, da busasshiyar jar laka a bakinta. Garga ya lura ƙafafunta ba sa kaiwa ƙasa, katifar ta yi tudu. Suka gaisa, ta tambayi gwiwarsa, ta yi masa tsiyar cewa Fulani ba sa tsufa sai dai su bushe.

Ya matso kusa da kunnenta. "Hajiya, in an yi la'asar za a kai Alim kwamisariya. An ce shi ya saci ƙyauren zaure. An kife masa tukuba."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Wa ya ce?"

"Unguwa duka. Shi kuwa ya ƙi buɗe baki."

Ta ajiye carbin. Sannan ta ce, "Miƙo mini mayafina."

*

Bayan la'asar zauren ya cika. Shamsuddin yana tsaye da waya a hannu, Rahinatu tana gefe, Nata'ala ya raɓe kusa da ƙofa inda gudu zai yi sauƙi, Alim yana tsugune da buhunsa. 'Yan kallo sun toshe inda ƙyauren yake a da.

"Bon, to, Baba Garga," in ji Shamsuddin, "mun ba ka girmanka, mun jira. Wa ya ɗauka?"

"Alim ne ya ɗauka."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Nata'ala ya saki ajiyar zuciya har aka ji.

"Amma ba shi kaɗai ya bi lungu ba," Garga ya ci gaba. "Akwai wanda yake yi wa rakiya. Ni aikina sawu, kuma sawu ya ƙare a ƙofar baya. Sauran bayani ba nawa ba ne."

Sai aka ji ƙwanƙwasar sanda a tsakar gida. Mutane suka dare. Hajiya Hansai ta shigo a hankali, ta ƙi tabarmar da aka shimfiɗa mata, ta tsaya a tsaye.

"Kai mai waya, kira 'yan sandan naka su tafi da ni. Ƙyaure yana ƙarƙashin katifata. Ni na tashi Alim, ni na ce ya ɗauko, ni na ce ya rantse ba zai faɗa ba."

"Kaka, me ya sa?" in ji Rahinatu. "Da kin ce ba kya so, ai da na fasa."

"Da na ce ba na so, da kin ce don me, ƙawata. Ni kuwa ban so ki ji don me ba." Ta gyara riƙon sandarta. "Ku gabansa kuka sani, mai ƙusoshi. Ba wanda ya taɓa juya shi ya ga bayansa, yadda ya yi santsi. Ba man kafinta ba ne. A gidan nan, tun kafin a kawo teburin wanka masallaci, in an yi rasuwa ƙyauren nan ake cirewa a kwantar, a kansa ake wanke mutum. A kansa aka wanke wanda ya sa aka sassaƙa shi. A kansa aka wanke uwar mijina, da mijina, da 'yan biyuna da ba su yi kwana arba'in ba." Ta dubi ƙasa, don ko yanzu ba ta iya kiran sunan ɗan farinta. "Na ƙarshe babanku ne. Ke kina Amurka, kai kana hanya daga Douala, sai a maƙabarta ka tarar da su. Tsofaffin da suka yi wankan duk sun bi shi. Saura mai zuba ruwa, ga shi nan a tsugune."

Shamsuddin ya mayar da wayarsa aljihu a hankali.

"Na ji ana cewa za a shafe shi da mai, a kafe shi a bango da ƙusa a bayan gilashi," in ji tsohuwar. "Na ce to ni fa? Kowa nawa ya bi ta kansa, ni sai a kai ni teburin ƙarfe? Ba na son in ɓata wa yarinya murnarta, ba na kuma son in fama mata ciwon ubanta. Sai na ce in ɓoye shi baƙi su zo su tafi. Tsufa ne, ban yi tunanin inda laifin zai faɗa ba. Alim, ka yafe mini."

"Ba komai, Hajiya," in ji Alim, bai ɗago ba.

Rahinatu ta zo ta tsuguna a gabansa, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba.

"Kawu Alim, kai ka ga babana a ƙarshe?"

"Ni ne."

"Yaya yake?"

Alim ya ɗago ya dube ta. "Wanda ya yi wanka ba ya ba da labari, sai in alheri ya gani. Na ga alheri. Fuskarsa a sake take, kamar mai barcin rana."

Ta rufe fuskarta da mayafi. 'Yan kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki, musamman waɗanda suka fi kowa baki da safe.

*

Ƙyauren bai hau bango ba, bai kuma koma ƙofa ba. Hajiya ta ce bayanta ya fi jin daɗin gadon haka. Rahinatu ta ce za ta kawo baƙinta zauren yadda yake, su gaida Kaka in ta yarda.

Kafin magariba Shamsuddin da kansa ya kama gefen tukubar, Garga yana kallo daga benci, suka tayar da ita shi da samarin da suka kife ta. Ya tsaya yana kaɗe hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kawu, na yi maka laifi a gaban mutane. Ban san abin da ka yi wa babanmu ba."

"Ba don a sani na yi ba."

"Ka yafe mini. Ka kwance kayan nan, ka zauna."

Alim ya kwance buhun, ya fito da tsinkayen, ya jera wuƙaƙen a inda suke zama. Garga ya ji sanyi a ransa, amma ya san mutuminsa, ya ga yadda hannun yake aiki fuskar ba ta bi ba.

"Zan zauna," in ji Alim. "Na yi wa Hajiya alkawari, ranar da za a buƙaci ƙyauren ni zan ɗauko mata shi."

"Bayan nan fa?" in ji Shamsuddin.

Alim ya tara gawayi, ya sunkuya yana hura wuta.